'Yata ta daina sakewa da ni, in riƙa fita da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. 'Yata ta fari shekararta 12, tunda ta shiga sakandare in na shigo gida gaisuwa kawai take ta shige ɗaki, komai sai dai ta faɗa wa mamanta. Abokina ya ce in riƙa fita da ita hawan dutse mu biyu, ni kuma ina jin nauyin bakin mutane. Dan Allah ya kike gani? Daga wani uba a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Wallahi abokinka ya faɗa maka gaskiya. Na san alkunyar 'yar fari ba ƙarama ba ce a wajenmu, wani uban ko sunanta ba ya iya kira, amma yarinya a wannan shekarun in ba ta samu kunnen babanta ba za ta nemi wani kunnen a waya, kuma ba ka san na waye ba.

A Amurka ƙungiyar matasan Kirista mai suna YMCA ta fara irin wannan shiri tun 1926 don uba da ɗansa, daga baya a 1954 aka buɗe na uba da 'yarsa a Kalifoniya, ana kwana a tanti, a hura wuta, a yi girki tare. Hikimarsu ita ce uban dole ya zo da kansa, ba wai ya biya kuɗi ya turo direba ba.

Kai ba sai ka kai ga tanti ba. Ga Dala da Goron Dutse nan a garinku, ku tafi ranar Asabar da sassafe kafin rana ta yi zafi, ta sa hijabinta da takalmin kambas, ita za ta riƙe ruwa, ita za ta ce a huta ko a ci gaba, in kun kai sama ka bar ta ta nemo muku unguwarku da ido, ka ba ta labarin Barbushe. In ta gaji kar ka ce ta cika raki, jira ta. Kuma dan Allah kar ka mayar da fitar wajen wa'azi ko tambayar maki nawa ta ci, fita ta farko ƙila ba za ta ce komai ba, sai a ta uku ko ta huɗu bakin zai buɗe.

In an yi hutu kuma aljihu ya yarda akwai Yankari a Bauchi, ku ga giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, sai dai ka fara binciken lafiyar hanya kuma tafiyar rana kawai. Wannan kam ka tafi da mamanta da ƙannenta, amma na Asabar ɗin ku biyu ne.