Yaƙin Shekara Talatin: Me ya sa Faransa ta mara wa 'yan Furotesta baya?

Tambaya: Malam, na karanta cewa Katolika da 'yan Furotesta sun shafe shekara talatin suna yaƙi a Turai, amma an ce Faransa, wadda ƙasar Katolika ce, ta goyi bayan 'yan Furotesta. Yaya aka yi haka?

Amsa: Abin da ka karanta gaskiya ne. Tushen rikicin dai addini ne, domin tun da Martin Luther ya fito da hujjojinsa 95 a Wittenberg a 1517, yana sukar sayar da takardun sassauta hukuncin zunubi, kan masarautun Jamus ya rabu. Sulhun Augsburg na 1555 ya ba kowane sarki ikon zaɓa wa talakawansa ɗarika, ko Katolika ko ta Luther, amma bai sa mabiya John Calvin, wani jagoran 'yan Furotesta, cikin lissafi ba.

A watan Mayun 1618 manyan Bohemiya (a ƙasar Czech ta yau) 'yan Furotesta suka kutsa fadar Prague, suka jefo wakilai biyu na sarkinsu ɗan Katolika da magatakardansu ta taga. Duka ukun sun tsira da ransu. Katolika suka ce mala'iku ne suka tare su, abokan hamayya kuwa suka ce kan juji suka faɗa. Daga nan yaƙi ya ɓarke.

A ganina, tun daga shekarun 1630 lissafin mulki ya rinjayi na aƙida. Gidan sarautar Habsburg, wanda Katolika ne, shi ke riƙe da Sifaniya da Ostiriya da sarautar daular Jamus, ya kuma kewaye Faransa kusan ta kowace kusurwa. Kadinal Richelieu, babban wazirin Faransa kuma jigo a cocin Katolika, ya fi jin tsoron wannan ƙawanya fiye da aƙidar Luther. Shi ne ya yi wa 'yan Furotestan ƙasarsa zobe a garin La Rochelle har yunwa ta tilasta musu miƙa wuya a 1628, kuma shi ɗin ne ya fara ba Gustavus Adolphus, sarkin Suwidin ɗan Furotesta, kuɗin yaƙi a 1631, kafin Faransa ta shiga fagen daga da kanta a 1635.

Da aka ƙulla sulhun Westphalia da ya kawo ƙarshen yaƙin a 1648, an amince da ɗarikar Calvin, Faransa kuma ta samu yankuna a Alsace. Fafaroma Innocent na Goma ya yi tir da yarjejeniyar, amma sarakunan Katolika da suka sa mata hannu ba su janye ba.