Gilashin mota ya ƙi tashi: ta ina za a fara dubawa?

Ɗan'uwa na Gusau da ka ce gilashin ƙofar baya na Corolla ɗinka ya sauka ya ƙi tashi amma sauran ukun suna aiki, don Allah kar ka yi saurin sayen sabon moto, wato ɗan injin da ke ɗaga gilashin. Tunda ɗaya ne kawai da wuya a ce batir ne, sai dai duk da haka a leƙa fiyus ɗin. Fara duba maɓallin kulle gilasai da ke ƙofar direba, yara na yawan danne shi.

In ba shi ba ne, kunna mota ka danna suwic ɗin gilashin ka kasa kunne jikin ƙofar. In ka ji moto na gurnani gilashi bai motsa ba, to ƙarfen da ke jan shi ne ya lalace ko ya sauka daga kan hanya, sai an kwance ƙofa. In shiru ne, kalli fitilar rufin mota, in ta ɗan dushe lokacin da ka danna to wuta na isa, moton ne ya maƙale. In ko ba ta dushe ba, a ja robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, nan wayoyi ke karyewa saboda buɗewa da rufewa kullum, mai rewaya zai gwada ya ga ko wutar batir mai ƙarfin bolt 12 na zuwa.

Ƙurar hunturun nan tamu ma tana cika robar gefen gilashi har ya riƙa tafiya da ƙyar, a goge ta a fesa silikon, ban da baƙin mai, yana lalata roba. Kuma kar ka ja gilashin da hannu da ƙarfi wallahi zai iya fashewa.