Jinina na hawa, fuskata kuma na ɗaukar zafi

Tambaya: Likita barka da aiki, shekarata 49, jinina yana kaiwa 150/95 kuma sai inji fuskata ta ɗau zafi tayi ja, dan Allah meke kawo haka?

Amsa: Sannu Hajiya. Gaskiya hawan jini shi kaɗai ba kasafai yake sa fuska tayi ja ba, yawanci wani abu ne ke tada su tare, kamar ɓacin rai ko matsalar maƙoƙo, amma a shekarunki nafi zargin ɗaukewar al'ada. Kuma in maganin hawan jini na amlodipine ko nifedipine kike sha to su kansu suna buɗe jijiyoyin jini fuska tayi zafi, kar dai ki daina sha da kanki, ki faɗawa likitanki. In jininki ya kai 180/120 da ciwon kai ko na ƙirji ki wuce asibiti nan take.