Shin Za A Iya Katse Mana Intanet Ta Ƙarƙashin Teku Da Gangan?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa intanet ɗinmu ta cikin teku take biyowa. Idan haka ne, ashe wata ƙasa za ta iya yanke wayoyin ta bar mu a duhu?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke ƙetarawa tsakanin nahiyoyi suna bi ne ta wayoyin gilashi da aka shimfiɗa a ƙasan teku, waɗanda kaurinsu a wuri mai zurfi bai wuce na tiyon ban ruwa ba.

Yankewa da gangan abu ne mai yiwuwa, sai dai masu binciken tsaron waɗannan wayoyi sun nuna cewa daga cikin lalacewa 150 zuwa 200 da ake samu kowace shekara, akasarinsu komar masunta ce ko anga ta jiragen ruwa ke haddasa su. Matsalar ita ce da wuya a rarrabe haɗari da ganganci. A watan Fabrairun 2024 wayoyi uku sun tsinke a Bahar Maliya bayan da 'yan Houthi suka harbi jirgin Rubymar, ana kuma kyautata zaton angarsa ce ta ja su yayin da igiyar ruwa ke tafiya da shi. Haka nan a tekun Baltik, inda Finland ta tsare jirgin Eagle S a watan Disambar 2024 bisa zargin lalata wayoyi.

A ganina, abin da ya fi dacewa mu damu da shi shi ne yadda wayoyi da yawa suke cunkushewa a hanya guda. Ranar 14 ga Maris 2024, wayoyin MainOne da WACS da ACE da SAT-3 sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, ayyukan bankuna da dama a Najeriya suka samu cikas, masu POS suka zauna riƙe da na'ura ba ciniki, gyaran kuma ya ɗauki makonni saboda jiragen gyara ƙalilan ne a duniya, kuma sai sun taso daga nesa. Ana zaton zaftarewar ƙasa ce a cikin teku ta jawo hakan. Kamfanonin da suka samu sauƙi su ne waɗanda suka karkatar da zirga-zirgarsu zuwa wayar Equiano ta Google, wadda ta sauka Legas a 2022, kuma shi ya sa nake ganin wajibi ne hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta matsa wa kowane kamfanin sadarwa ya tanadi hanya ta biyu.