Gonakin babanmu na hannun ɗiyan baffa tun 1984, ko akwai abin yi?

Salamu alaikum Metir, don Allah shawara nike nema. Babanmu ya rasu cikin yunwar 1984 a wani ƙauye na yankin Madarunfa, ya bar innarmu da mu huɗu, mata uku sai autanmu namiji da ke goye, ni ce babba shekarata 9 lokacin. Da inna ta fita takaba baffanmu ya ce zai aure ta ya riƙe mu, ta ƙiya, daga nan zama ya ɓaci ta kwaso mu munka taho Maradi wajen yayarta. Gonakin baba guda biyu baffa ya ce zai dinga nomawa kafin yaro ya girma. Inna ta yi surfe a gidajen mutane, ta yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa muna mata talla, da haka ta aurar da mu ukun, kuma ba ta taɓa tada maganar gona ba, in mun yi magana sai ta ce ku bar ma Allah. Shekarun farko baffa na aiko muna da damen hatsi biyu ko uku in anka yi kaka, daga baya ya daina. Yanzu inna ta rasu bara, baffa ya fi shekara biyar da rasuwa, kuma mun ji ɗiyanshi sun fara ciniki da wani ɗan kasuwa. Ko muna da haƙƙi?

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan inna ya sa wahalar da ta sha ta zame mata nauyin mizani. Haƙƙi kam kuna da shi in abin yadda kinka faɗa yake, amma ba zan ɓoye miki ba, shekara 40 da ɗori ba wasa ba ce kuma duk rigimar a nan za ta tsaya.

Ƙasarmu ba ta da kundin dokar iyali, an yi yunƙuri wajen 1994 abin bai wuce ba, saboda haka maganar gado alƙali da al'adar masu shari'a yake aiki, dokar tsarin kotuna ta 1 ga Yuni 2018 ta bar abin a haka kamar yadda yake tun dokar 1962, kuma yana zama da mataimaka masana al'ada. A nan Maradi al'adar da ake bi ma musulmi ita ce rabon Musulunci bisa Malikiyya. To bisa wannan rabon matar mamaci in akwai ɗiya tumuni gare ta, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma ƙin auren ƙanen miji bai rage mata ko taki ɗaya ba. Shi kuwa baffa, tunda akwai ɗa namiji ko da jinjiri ne a goye, ba ya da komi cikin dukiyar ɗan'uwanshi, yaron ya tare shi. In anka kasa gonakin kashi 40, inna 5, autanku 14, ku mata kowace 7. Biyar ɗin inna kuma ba su bi ta kabari ba, sun zama gadonta da za a sake raba ma magadanta.

Sai dai abu biyu na iya canza lissafin, ki bincika su kafin ki je ko'ina. Shin kakarku ta wajen uba ko kakanku na da rai ranar da baba ya rasu? In e, kowanensu sudusi gare shi, wato kashi ɗaya cikin shida, kuma ta wannan hanyar wani abu na iya gangarowa ga baffa da ɗiyanshi da halalinsu. Sannan gonakin na baba ne na kanshi, ya saya ko ya sare daji ko an riga an raba an ba shi, ko kuwa gandun kaka ne da ba a taɓa rabawa ba? In gandu ne to sai an fara raba gadon kakan tukuna, baffa na da nashi kason a ciki.

Shirun inna kuma ni ban ga laifinta ba. Wanda bai ga shekarar El Buhari ba, wato yunwar 1984 ɗin nan, ba zai gane ba, damina ta ƙi, Najeriya ta rufe iyaka, rumbuna wayam, maza sun watse neman abinci. Mace a ƙauye lokacin gamana kawai take da ita, ɗan yankin da ake ba ta ta noma cikin gonar miji, aure na ƙarewa gamana ta tafi, in an zo rabo sai a ce mace ba ta gadon ƙasa don kar ta kai ta gidan wani, a ba ta akuya ko 'yan tiyoyin hatsi a sallame ta, alhali ba haka addini ya ce ba. Macen da ke goye da jinjiri tana surfe don a ba ta dusa da tsaki, wa za ta kai ƙara, da wane kuɗin mota, kuma wane dattijo zai tsaya mata a kan dangin miji? Ku bar ma Allah da take cewa ba kyauta ba ce, kyauta sai an furta an yi shaidu, kuma ko ta so ba ta da ikon kyautar da kason marayu.

Ɗiyan baffa abin da za su riƙe shi ne daɗewa, abin da malamai ke kira hauzi, cewa ubansu ya noma gonar shekara da shekaru ba wanda ya ce uffan. A Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, an ce wanda ya riƙe abu shekara 10 mai shi na nan yana gani bai yi magana ba to da'awarshi ta faɗi, amma nan take anka ce wannan wa'adin ba ya aiki tsakanin dangi da surukai, malamai na kai na dangi sama da shekara 40. Kuma shekarun ƙuruciya ba a lissafa ma maraya su, autanku sai wajen 2000 ya zama mutum. Abin da ya fi duka, riƙon amana ko aro ba ya rikiɗa ya zama mallaka komi daɗewa, in dai an tabbatar da haka anka faro. Shi ya sa da na kai wajen damen hatsin nan cikin wasiƙarki na tsaya na sake karantawa. Su za su ce taimakon marayu ne baffa ke yi, kuma yana iya yiwuwa har da wannan, ban ce mugu ne ba, amma damen da ke zuwa duk kaka daga hatsin gonar nan yana kama da mutum da ya san ƙasar ba tashi ba ce. Wa ke kawo damen, a amalanke ko a mota, wa ya ga ana saukewa a gidan yayar inna? Su wa ke zaune ranar da baffa ya ce kafin yaro ya girma? Maƙwabtan gona na gabas da yamma, limamin da ya yi sallar gawa in yana raye, tsofaffin matan gidan, waɗannan su ne takardarku tunda ba a rubuta komi ba, kuma duk shekara raguwa suke.

Ki tara ƙannenki ku zama baki ɗaya, musamman autan tunda kasonshi ya fi yawa, in ya noƙe tafiyar za ta yi nauyi. Cikin satin nan ku je wajen mai gari ku shaida mishi a gaban mutane cewa gonakin na da magana, ku rubuta ma Kofo, wato kwamitin kula da filaye, ta ƙauyen da ta komin ku riƙe kwafi, don su ke bada takardar shaidar sayar da gona kuma ba su kamata su bada ita kan gonar da ake jayayya ba, shi ma ɗan kasuwar in ya ji da rigima galibi janyewa yake. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ce rigimar gona sai ta bi ta sulhun sarakuna kafin kotu, mai gari sannan sarkin kanto, an shirya ko ba a shirya ba ku nemi a rubuta PV, wato takardar abin da anka yi a zaman, a sa hannu, da shi za ku tafi kotun Madarunfa tunda gonar can take, wanda hukunci bai mishi ba ya ɗaukaka zuwa babbar kotun Maradi. Ku nemi takardun mutuwar baba da inna, na baba da wuya a ce an yi a 1984, alƙali na iya bada hukuncin da ke maye gurbinta da shaidu, sannan a yi zaman iyali a fitar da sunayen magada. In kuɗin lauya ne matsala akwai biro na ANAJJ, hukumar da ke taimaka ma marasa hali a shari'a, a babbar kotun Maradi, aikinsu kenan. Ki kuma sa a ranki ana iya kaiwa ga rantsuwa da Alƙur'ani in shaidu sun gaza.

Kar autanku ya ɗauki zuga ya je ya shuka da ƙarfi ko ya tuge iyaka, daga mai neman haƙƙi sai ya koma hannun jandarma. In kuma a gaban sarki ɗiyan baffa sunka ce ku ɗauki gona ɗaya su riƙe ɗaya, kar ki yi saurin ƙi, ki duba ƙarfin shaidunku tukuna, in kun yarda a auna a rubuta, Kofo ta ba ku takarda da sunan kowa a ciki har ku mata ukun.