Baƙar mota mai lamba 3 a bangon falonmu

Kawu, tun ranar da muka yi waya ta bidiyo kuka hango hoton nan a bango, kuka ce ashe mun zama Turawa har muna rataye motocinsu, maganar take cina a rai. Ku ba ni dama in faɗi nawa.

Motar direban tsere Dale Earnhardt ce, ɗan Kannapolis, tafiyar awa guda daga nan Greensboro a jihar North Carolina ta Amurka. Yadda kokawa take a Maraɗi, haka tseren motoci na NASCAR yake a wannan jiha, shi kuwa sau 7 yana ɗaukar kambin shekara. Kuma ba mu yara muka kawo shi gida ba, Baba ne. Kun fi ni sanin shekarun da ya yi yana jan fijo tsakanin Maraɗi da Kano. Da ya zo nan ya kama kanikanci, abokan aikinsa na gareji suka koya masa kallon, kunnensa ya yi sauran. Daga kukan inji yake gane motar da ta gaji.

Ya taɓa kai ni filin tseren Martinsville ina yaro. Ƙara har cikin ƙirji, ga ƙaurin taya. La'asar ta yi, ya shimfiɗa darduma tsakanin motoci biyu, wani dattijon Bature ya janye kujerarsa ya ba mu wuri, bai ce uffan ba.

Ranar Lahadi 18 ga Fabrairu 2001 muna gaban talabijin da kwanon tuwo, ana tseren Daytona 500, wanda sai a 1998 Earnhardt ya samu ya ci bayan shekaru yana nema. Zagayen ƙarshe ne. Motoci biyun da ke gaba duk na kamfaninsa ne, Michael Waltrip da ɗan Earnhardt na cikinsa, shi yana na uku yana tsare musu baya. A kwanar ƙarshe ya daki katanga. Mun sha ganin hatsarin da ya fi wannan muni a ido, direba ya fito yana ɗaga hannu. Baba dai ya tsame hannu daga kwano ya ce, "Bai fito ba." Da dare aka sanar da mutuwarsa. Ƙashin gindin ƙoƙon kansa ne ya karye, yana da shekara 49. A shekarar aka tilasta wa direbobi sa abin da ke riƙe kai da wuya, kuma tun daga nan ba a sake rasa rai a babban rukunin gasar ba.

Washegari Baba ya sa Inna ta soya ƙosai, ya kai gareji ya zauna da mutanen nan kamar zaman makoki. Abin da aka koya masa a gida ke nan, maƙwabci yana kuka ba ka wuce shi. Wannan ne barin Hausanci?

Na san abin da ke ƙasan maganar, aurena ne. E, 'yar ɗaya daga cikin mutanen garejin na aura. Ita ta yi jinyar Baba har Allah ya karɓi abinsa, kuma miyar kukarta ba ta jin kunyar kowa. Yaranmu Hausarsu da gargada, ban musa ba, amma sun san su durƙusa su gaida babba. Abin da ke min ciwo, ba wanda ya taɓa tambayar wannan daga gida, sai bango ake dubawa.

Hoton nan Baba ya buga masa ƙusa da hannunsa, ba zan cire ba. In Allah ya kawo ku lokacin tsere, zan kai ku Martinsville, in nuna muku inda ya yi salla.