Baiko, lefe da ranar da ba ta ƙarya

Tambayoyin wannan mako duk ƙanshin lalle suke yi. Ta farko daga wata yarinya ce a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Ta ce wata biyu ke nan da yi mata baiko, amma kakarta kullum cewa take "an yi baiwarta". Wanne ne daidai? Kuma tunda an yi baiko, saurayin ya zama mijinta ke nan?

Ɗiyata, daga ke har kakarki babu wadda ta yi kuskure. Baiko da baiwa tushensu ɗaya, wato "bai" ɗin nan da ke cikin "bai wa": iyayenki sun bai wa wane ke. Sai dai ki kula da karin sauti, domin baiwa ta kyauta daban, baiwa macen bawa daban. A takarda kamarsu ɗaya, kunne ne ke raba su.

Batun miji kuwa, da saura. Ki saurari yadda Bahaushe ke magana: baiko yin sa ake yi, rana sa ta ake yi, aure ne kaɗai ake ɗaurawa, shi ya sa shi kaɗai ke da igiya. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji a Risala cewa aure ba ya ƙulluwa sai da waliyyi da sadaki da shaidu biyu adilai. Kafin wannan, wane baƙo ne a gidanku, iyakarsa zaure. Amma kada ki raina baiko. A Muwaɗɗa akwai hadisin da ya hana mutum nema a kan neman ɗan'uwansa, kuma Imamu Malik ya bayyana cewa hanin yana hawa ne idan an riga an karkata ga juna an daidaita kan sadaki. Abin da dattawa ke nufi ke nan idan suka ce "an tsayar da magana".

Wani saurayi daga Daura kuma ya ce abokinsa ya rantse masa cewa lefe kalmar Larabci ce, kuma yanki ne na sadaki, don haka ba a rage shi.

Ɗana, abokinka ya haɗa abu biyu da ba dangi ba. Sadaki ne ya zo daga Larabci, kuma shi ne aya ta 4 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a bai wa mata. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne na zinariya, ko dirhami 3 na azurfa. Idan aka ɗauki dinari a giram 4.25, rubu'insa ya ɗan haura giram ɗaya, shi ya sa kuɗinsa ke hawa da sauka tare da farashin zinariya. Hakkin amarya ne ita kaɗai, ba na uba ba, ba na gwaggo ba.

Lefe kuwa ɗan gida ne, kuma asalinsa kwando ne da ake saƙawa da kaba. Na tashi na ga na kakata a gindin gadonta: ga audugar da ta gurje, ga mazari, ga ɗan alli da take shafawa a yatsu in za ta murza zare. Irin wannan kwando ake zuba wa amarya 'yan zannuwa da kallabi da turare a kai gidansu. Daga baya kwalla ta karɓe shi, fantimoti ya karɓi kwalla, yau ga jerin akwatuna har sai an ɗauko mota. Mazubin ya canza sau nawa, sunan bai motsa ba. Ni dai abin da ke ba ni dariya, kalmar da aka raɗa wa abin da yarinya ke ɗauka da hannu ɗaya ita ce yanzu ke hana samari barci. Al'ada ce mai kyau, tana faranta ran amarya, amma ko babu lefe aure ya ɗauru. Ka je wurin waliyyinta ta hannun manyanka a yi magana gwargwadon ƙarfinka.

Ta uku daga wata uwa ce a Rafindaɗi. An sa wa ɗiyarta rana, maƙwabciyarta kuma ta jefa mata "rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya". Habaici ne?

Hajiya, ya danganta da fuskar da aka faɗe shi da ita, amma karin maganar kansa tunatarwa ce. Ranar da aka sa tana nan tafe, ko an shirya ko ba a shirya ba. Me ya sa uwa ce mai jin kunyar? Saboda ranar jere idon mata a kan aikinta yake: gado, katifa, labule, kwanuka da tangaran, sannan ga gara da ke biye, da shinkafa da mai da alkaki da dubulan da nakiya. Uba na iya biyan kuɗin, amma in ɗaki ya yi fayau, sunan uwa ake kira. Ki lura kuma da kalmar "ɗiya". Mutanen Kano 'ya suke cewa, amma in sun zo wannan karin magana su ma ɗiya suke furtawa kamar mu Katsinawa da Sakkwatawa, don karin magana ba ya son a taɓa masa kalma.

Akwai kuma angon gobe da ya tambayi "amarya ba kya laifi ko kin kashe ɗan masu gida", wai har yaushe wannan afuwa take? Zuguguwa ce irin ta Bahaushe, ana nufin ɗokin sabon abu yana rufe ido daga aibi. Sunna ta ware wa budurwa kwana 7, bazawara kwana 3, amma wannan rabon kwana ne, bai yanke wa amarci wa'adi ba. A bakin mutane dai mace na amsa sunan amarya har sai an kawo wata a gidan, wani lokaci ma har da jikokinta.